Kawuna Mai Ɗinka wa Jirage Riga

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasar Madina da ya yi shekara da shekaru yana zawarci ta yi masa laushi.

Duk wanda ya zo gaisuwa ɗakinsa na unguwar Bani Harisa, abu ɗaya ya yi. Zai yi sallama, ya bi mu da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi gahawa da dabino, ya zauna ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Can sai ka ga idonsa ya saci hanya ya tafi sama. A rufin ɗakin akwai fanka, fankar kuwa sanye take da riga. Kowane fiffike da tasa rigar ta yadin kaki, an ɗinka ta daidai jikinsa, an tsuke bakinta da igiya, ga jan ƙyalle yana reto a ƙarshenta. Lokacin sanyi ne, kuma a gidan Kawu fanka ba ta zama tsirara da sanyi.

Wani injiniya ɗan Zariya, sabon zuwa, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Malam, wannan al'adar makoki ce a nan?"

Na ce masa ƙwarai kuwa. Na ce idan babban mutum ya rasu a Madina har firji ake sa wa jallabiya. Ya gyaɗa kai cikin natsuwa, kamar wanda ya ƙaru da ilimi. Surukin Kawu, likitan da ke auren 'yarsa, ya watso mini harara daga can gefe. Na san bai dace ba. Amma da Kawu yana ɗakin, shi zai ƙara da cewa injin wanki kuma rawani ake naɗa masa.

Direbobi abokan aikina sun zo, masu shagunan Uhudu sun zo. A bakin ƙofa na ji babban jikansa, wanda aka haifa a nan, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, yana gaya wa abokansa cewa Sidi, wato kakansa, matuƙin jirgin soja ne. Ban gyara masa ba. A zuri'armu ba a gyara wa mutum labari idan ya fi na gaskiya daɗi.

A kusurwa akwai tsohon abokinsa, mutumin Damagaram, makiyayin raƙuma, wanda suka ƙetaro Sudan tare tun suna samari. Bai taɓa gahawa ba. Duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri, amsarsa ɗaya ce: "Ni na fitar da shi." Ba wanda ya gane abin da yake nufi sai ni, kuma zan zo kansa.

Sai wani dattijo Balarabe mai sanda, tsohon matuƙin jirgin soja da ya yi ritaya. Sun yi aiki wuri ɗaya da Kawu, daga baya suka sake haɗuwa a masallaci. Da ya ɗaga kai ya ga fankar, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta yi ta tafiya har ta zama kuka. "Ɗinkinsa ne," in ji shi. "Ko a cikin dubu zan gane shi."

A Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen masallacin Annabi, ba a rubuta suna. Dutse ne kawai a kan tudun ƙasa, na sarki da na tela duk iri ɗaya. Mata ba sa shiga, don haka 'yarsa ni ta tambaya inda aka sa shi. Na koma in duba mata, na tarar an yi masa maƙwabta ta ko'ina, na kasa nuna wurin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na san an san ni da ƙari a magana. Inda na ƙara, ku yafe. Inda kuka fi zaton na ƙara, nan ne ban ƙara komai ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya nema mini aikin tuƙa masu ziyara. Tela ne ɗan Kano. Ya baro gida da niyya ɗaya tak, ya zauna a Madina har Allah ya karɓi ransa a cikinta, don ya ji falalar hakan a bakin malamai tun yana yaro. To Allah ya kawo shi ƙasar, amma kamfanin da ke riƙe da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ya tura shi wani sansanin soja can arewa, inda babu komai sai yashi da iska da jirage masu saukar ungulu.

Aikinsa shi ne ɗinka musu riga. Mutane suna dariya idan na faɗi haka, amma aiki ne na gaske. Jirgin nan idan ya sauka, yashi na neman hancinsa, rana na neman gilashinsa, tsuntsaye na neman bakin injinsa su yi sheƙa. Don haka ana rufe shi, fiffike da rigarsa, hanci da tasa, bakin inji da tasa. Kowace riga kuma ana maƙala mata dogon jan ƙyalle, don kada wani ya manta da ita a jikin jirgi ya tayar da shi.

Sunan nan na saukar ungulu kuwa, Kawu bai taɓa yarda da shi ba. "Ungulu a kan mushe take sauka," yake cewa. "Wannan a kan mai rai yake sauka, ya ɗauke shi kafin ungulun ta iso." Shi "mutanena" yake ce musu. Mutanena suna kai wa sojojin kan dutse ruwa. Mutanena suna ɗaukar igwa da igiya tana lilo a ƙasansu kamar akuyar da za a kai kasuwa. Mutanena suna tsayawa a kan alhazai lokacin aikin Hajji, su ga inda cunkoso zai haɗu tun bai haɗu ba. Mutanena sun taɓa ɗauko mace mai naƙuda daga wani ƙauye, suka tashi da ita ita kaɗai, suka sauka da su biyu.

Shekarar yaƙin nan na Kuwait ce kawai ba ya son labarinta. Sau ɗaya ya taɓa ce mini a lokacin ba riguna ya fi ɗinkawa ba, tamfol ɗin gadon ɗaukar masu rauni ya yi ta faci, wani ma sai an wanke shi kafin ya shiga keke. "Wanda ke kai wuta da wanda ke ɗauko wanda ta ƙona, da allura ɗaya na yi musu ɗinki," ya ce. Daga nan ya nemi in ƙara masa shayi, bai sake komawa kan maganar ba.

Labarin da yake so shi ne na ranar wasa. Duk shekara idan za a yaye sababbin sojoji, akwai wasu zaɓaɓɓun matuƙa da ke yin wasa da jiragensu a gaban manya. Na ji labarin nan a gindin dutsen Uhudu fiye da yadda na ji sunana. Masu ziyara za su sauka su tafi addu'a, ni da shi mu zauna a gaban mota, ya jera kofunan shayi a kan gwiwarsa su zama jirage.

Da farko, in ji shi, ba ka ganin komai, ƙirjinka ne ke fara ji. Sai su ɓullo daga bayan tudu a jere, hayaƙi kore da fari yana bin su kamar an warware turmin yadi a sararin sama. Su rabu, su haɗu. Biyu su tunkari juna har ka rufe ido, ka buɗe ka ga sun wuce, ko gaisawa ba su yi ba. Ɗaya ya miƙe sama, ya tsaya kamar ya manta abin da ya je yi, ya juyo da kai ƙasa ya zubo. Wani ya yi ta tafiya da baya, kamar mai barin gaban surukinsa. Idan Kawu ya zo nan muryarsa takan yi ƙasa, idonsa ya bar ni ya koma kan dutsen, kofin ya yi ta yawo a iska shayin yana ɗiga a rigarsa bai sani ba.

A ƙarshe sai su zo su yi sahu a gaban rumfar manya, su tsaya cak tsakanin sama da ƙasa, sannan gaba ɗaya su sunkuyar da hanci.

"Manya suna zaton su ake gaisarwa," in ji Kawu. "Har ɗaga hannu suke yi. Ni kuwa na san abin da ke bayan rumfar. Alƙibla ce, ɗan nan. Ruku'u suke yi."

Ranar gaisuwa Balaraben nan mai sanda ya ƙara mana abin da Kawu bai sani ba. Ya ce shi ne ke jan sahun a shekarun nan. Ɗakin ɗinkin Kawu yana bayan rumfar, duk ranar wasa sai ya hau rufinsa ya tsaya wuri ɗaya da farar hularsa. Daga sama, cikin yashi da kakin soja, hular nan ce kawai farin abu. Sai ya zama da ita yake daidaita tsakiyar sahu. Ni na ƙara da cewa shekarar da Kawu ya yi zazzaɓi bai hau rufin ba, jiragen bayan gidan hafsoshi suka je suka yi wa ruku'u. Dattijon ya ce bai tuna haka ba, amma ba zai musa ba.

Shi ne kuma ya taɓa yi wa Kawu tayin hawa. Ya ce zai nemo masa izini, su zaga sansanin su dawo. Kawu ya daɗe yana shafa jikin jirgin.

"In ya faɗo fa?"

"Ba zai faɗo ba, ya ammi," in ji shi, wato kawu da Larabci.

"Na yarda. Amma in ya faɗo, ba a Madina zai faɗo ba."

Haka ya gama aikinsa, ya tufatar da jirage ba iyaka, bai taɓa ɗaga ƙafa daga ƙasa ba.

Da aka samu iƙamarsa ta dawo Madina, sai ya shiga garin kamar wanda ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Madina tana da iyakar harami, akwai alamu a bakin hanyoyi, kuma Kawu ya haddace su duka. Ba ya ƙetarewa. Filin jirgi a waje yake, don haka ko baƙo zai raka, a alamar yake sauka ya yi masa addu'a ya jira ni in dawo. Hannunsa kuma bai daina aiki ba. Rediyo ya samu riga, butar shayi ta samu, madubin motata ya samu, kowanne da jan ƙyallensa. Inna, matarsa, ta ce ita ma ba ta yin dogon zama wuri ɗaya don kada ta farka ta ji an auna ta.

Yana da wata tambaya da yake yi wa duk malamin da ya shigo motata daga gida. Zai bari a gama gaisawa, sannan ya juyo. "Allah gafarta Malam, saman Madina, Madina ne?" Wani ya ce e. Wani ya ce sai ya duba. Wani ya ce me ya kawo wannan tambayar. Kawu ya ce, "Akwai wata 'yar tafiya da nake so in yi, ban san hukuncinta ba."

Iyakar nan ce ta haɗa shi faɗa da 'yarsa. Mai haɗa magunguna ce a asibiti, sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata. Ita da mijinta suka kama gida mai kyau a unguwar Jurf, suka ware masa ɗaki da na'urar sanyi da gado mai laushi. Sai dai gidan ya faɗa bayan alamar. Ranar sunan ɗanta ya daure ya je. Aka ci shinkafa da rago, abinci ya sauka, na ga kansa ya fara rinjaya. Sai ya zabura ya miƙe.

"Ɗan nan, tayar da mota."

'Yarsa ta tare ƙofa. "Baba, ga ɗakinka can. Ka ɗan kwanta mana."

"Barci ƙanin tafiya ne, Uwata. Ba na yin sa a waje."

"Ko a Jurf Allah ya karɓi ranka, Baƙi'a za a kai ka. Kowa ya san haka."

"A kai ni daban, a same ni daban."

"To mu da muke kwana a nan kullum fa?"

"Ku yara ne. Ni takalmina yana hannuna."

Ta dube shi, idonta ya cika. "Ka fi son ƙasa da 'yarka," ta ce, ta matsa ta ba shi hanya.

Ya wuce ta ya shiga mota. Na tuƙa shi muka wuce alamar da tsawon mota ɗaya, ya ce in tsaya. A nan gefen titi ya kwantar da kujera, amma barcin da ya kore shi daga gidan 'yarsa bai zo ba. Ya yi ta kallon rufin mota. An ɗauki lokaci ba ta zuwa, shi ma ba ya tambaya. Sai wata rana ya ba ni ƙunshi ya ce in kai mata. Riga ce ta na'urar sanyin ɗakin da bai taɓa kwana a ciki ba. Ashe ranar sunan, kafin a ci abinci, ya shiga ya auna ta da tafin hannu. Ta zauna daidai, ko yatsa ba ya shiga. 'Yarsa ta riƙe jan ƙyallen tana kuka tana dariya, ta ce da Larabci tsohon nan zai kashe ta. Juma'ar da ta biyo baya ta zo Bani Harisa da kwanukan tuwo.

Yanzu na zo kan maganar mutumin Damagaram.

Yana kiwon raƙuman wani Balarabe a wani kwari can bayan gari, nesa da iyaka. A farkon sanyin nan ya aiko direban tankar ruwa da saƙo. Iska ta yaga masa tanti, idonsa kuma yana ta raguwa. "Ka gaya wa Bakanon nan bawana, in tsoron mutuwa ya bar shi, ya zo in ga fuskarsa tun ina iya ganinta."

Kawu ya ce bawa dai ya san kansa. Ya jawo sauran tamfol ɗin kaki da ya daɗe yana ajiya, ya hau keke. Da ya gama na ce ya kawo in kai. Sai na ga yana sa takalmi.

"Kawu, wajen iyaka ne fa. Sosai."

"Na sani. A Sudan zazzaɓi ya kayar da ni, ayari ya wuce. Shi ya dawo ya goya ni." Ya gyara hula. "Mu je mu dawo kafin la'asar. Ka yi tuƙi a hankali, amma da sauri."

A alamar ya sa na tsaya. Ya juya ya dubi gari ta tagar baya ya ce, "Yanzu zan dawo," kamar mai sallamar matarsa.

Da muka isa, tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna suna zagin garuruwan juna har raƙuma suka daina kiwo suna saurare. Muka kafa tantin. Sai a lokacin na lura da abin da Kawu ya yi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanka yadi a kan fasali ɗaya, hannunsa bai san wani ba. Tantin ya fito da ƙaton kai a gaba, ya tsuke ya yi dogon wutsiya a baya, ga jajayen ƙyallaye suna kaɗawa ta kowace kusurwa.

Makiyayin ya zaga shi yana lalube. "Kai Bakano, ɗaki na ce ka ɗinka mini ko likkafanin jirgi?"

"Shiga dai. Ƙafafunka su tafi wutsiya."

Muna shan nonon raƙumi hadari ya haɗu a kan duwatsu can nesa. Ko ɗigo bai taɓa mu ba. Sai muka ji ƙugi, kamar an saki duk raƙuman duniya lokaci ɗaya. Kafin in ajiye ƙwarya, kwarin da muka ƙetaro a bushe ya zama kogi, ruwa ja yana tafe da itatuwa da duwatsu. Mu muna kan tudu, ba abin da zai same mu. Amma hanya ta tafi, wayata kuma ba ta kama komai a wurin.

Na juyo in yi wani abin dariya, na ga Kawu ya dafe ƙirji. Fuskarsa ta yi toka. Muka kwantar da shi a cikin tantin, kansa a wajen kan jirgi.

"Ɗan nan, ina iyaka?"

"Tana bayan ruwa, Kawu."

Ya rufe ido. Na san mutumin nan, ba mutuwar yake tsoro ba, ya daɗe da shirya mata. Wurin ne. Shekarun da ya yi yana kaffa-kaffa, barcin da ya ƙi yi a gidan 'yarsa, tayin da ya mayar, ga shi duk za su ƙare a kan wani tudu mara suna. Makiyayin ya riƙe ƙafarsa yana salati, yana cewa da ya sani da bai aika ba.

Kawu ne ya fara ji. Idonsa a rufe ya ce, "Mutanena."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Sai ƙirjina ya ji, yadda ya sha gaya mini. Na fita da gudu ina kaɗa rawani. Jirgin soja ne, yana bin ruwan yana neman motocin da ambaliya ta ja daga babban titi. Ya wuce mu, ko kallona bai yi ba, duk da faɗin da Allah ya ba ni. Har ya yi nisa. Sai ya karkata, ya dawo, ya tsaya a kanmu, ya sauko a hankali yashi yana tashi.

Wani soja ya diro ya nufi tantin a guje, ya ɗaga gefensa ya leƙa. Na ga ya tsaya sororo. Daga baya ya gaya mini dalili. Daga sama sun hango rigar jirgi ta kaki da jajayen ƙyallayenta a tsakiyar daji, matuƙin ya ce wannan nasu ne, wani ne ya samu matsala ya sauka ya rufe jirginsa. Ya zo neman jirgi, ya tarar da tsofaffi biyu da ƙwaryar nono.

Suka ɗora Kawu a gadon tamfol. Yatsunsa suka bi bakin ɗinkin, ya ce ba laifi. A ƙofar jirgin ya riƙe hannun sojan.

"Ina za ku?"

"Madina, ya ammi."

"To bismillah."

Makiyayin ya ce ba zai bar raƙuma ba. Ni aka tura ciki. Ba zan ɓoye muku ba, da abin nan ya ɗaga, hanjina ya zauna a kwarin, sai bayan kwana biyu ya biyo ni a tankar ruwa. Na rufe ido ina karanta duk abin da na iya, har da addu'ar cin abinci. Sai na ji ana jan rigata. Kawu ne, yana nuna taga. Ni da sojan muka tallafo kansa.

Hadarin ya yage ta yamma, rana ta zubo. A ƙasa kowane kwari ya zama zaren azurfa, kamar an yi wa duniya surfani. Gonakin dabino suka wuce, wankakku. Baƙaƙen duwatsu suna ƙyalli. Sai ga bayan Uhudu, ja, jiƙe, dutsen da muka yi shekaru muna shan shayi a gindinsa, yau muna kallon tsakiyar kansa. Muka haye shi. Gari ya buɗe gaba ɗaya, fari, shiru, hasumiyoyi a tsaye a tsakiyarsa, ga koren ƙubba ƙarama kamar za ka ɗauka da yatsu biyu.

Leɓensa ya motsa. Na kai kunne. "Mun shiga?"

Sojan ya tambayi matuƙi ta abin maganarsa, ya gyaɗa kai. Na ji jikin Kawu ya saki a hannuna kamar an kwance ɗauri. Na yi ihu a kunnensa don ƙarar inji, na ce, "Kawu, to yaya? Saman Madina, Madina ne?"

Ya ja numfashi a hankali. "Ƙamshin ɗaya ne."

Ni kananzir kawai nake ji, amma ban yi gardama ba.

Da aka sauke shi a filin asibiti, ya saki hannunsa ta gefen gadon har yatsunsa suka taɓa ƙasa. Ya hana a tura shi ciki sai jirgin ya tashi. Muna kallo ya ɗaga, ya tsaya a iska daidai tsayin bene, ya sunkuyar da hanci, sannan ya tafi. Kawu ya kai hannu ya taɓa hularsa. Surukinsa likita ya bayyana mini cewa kowane irin jirgin nan haka yake yi idan zai yi gaba. Na gode masa da ilimi. Ni dai ina wurin.

'Yarsa ta iso da rigar aiki a jikinta. Kafin ya buɗe baki ta durƙusa ta ce, "Cikin iyaka ne, Baba. Asibitin ciki yake. Na duba."

Ya yi 'yan kwanaki. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai ta ji labarin, kuma a bakinsa tafiyar tana ƙara tsawo kullum, har na fara zargin a wurina ya koya. Wata safiya, hannunsa cikin na 'yarsa, ya yi shahada ya tafi. Aka same shi a inda yake so a same shi.

An yi masa salla a masallacin Annabi, muka ɗauke shi zuwa Baƙi'a. Ni na shiga kabarin. Da na zo kwance ɗaurin likkafani yadda ake yi, sai na ji yatsuna suna laluben jan ƙyalle.

Har Inna ta fita takaba ba wanda ya taɓa fankar nan. Zafi ya shigo, irin na Madina da ke gasa ƙwai a aljihu, tana zaune a ƙarƙashinta tana fifita da murfin kwano. Na je gaishe ta wata rana da hantsi, ta dubi sama ta dube ni.

"Hau ka tuɓe ta. Da yana nan da tuni ya yi faɗa."

Na hau kujera, kujerar tana neman agaji. Na kwance rigunan ɗaya bayan ɗaya ina miƙa mata, tana ninkewa a kan cinyarta. Na sauko na murɗa makunni. Fukafukan suka motsa da ƙyar, suka zaga, suka fara kama iska.

"Ƙara mata," in ji Inna. "Kai ta ƙarshe. Shi haka yake sa ta bayan azahar, ya kwanta a nan daidai ƙasanta, ya rufe ido, ya ce kada a yi masa magana yana kan hanya."

Na kai ta ƙarshe. Labule ya ɗaga, jajayen ƙyallayen da ke cinyarta suka fara kaɗawa. Muka zauna, ni da ita, muka bar shi a kan hanyarsa.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sauke shi lafiya.